Mai Riƙon Tsani

Kawuna magini ne a Matamaye, amma yau shekara shida ke nan bai hau soro ba. In an ba shi aiki sai ya tsaya ƙasa yana nuna wa yara da sanda, su yi yaɓen, shi ya duba. Hannunsa na dama ba ya miƙewa duka, ƙugunsa kuma yana faɗa masa zuwan sanyi tun kafin kowa ya ji. Duk unguwarmu an san dalili: tsani ya zame da shi a gidan wani ɗan kasuwa. Abin da mutane ba su sani ba shi ne yadda mai riƙon tsanin ya yi, kuma ni ne mai riƙon. Da ƴan ƙungiyarmu suka ce a wannan fitowa kowa ya kawo rubutu a kan wani abu da ya koya a makaranta sannan ya gamu da shi a gida, na daɗe ina kewaye-kewaye. Daga baya na ga ba ni da wani labari da ya kai wannan, kuma Kawu da kansa ya ba ni izini.

A shekarar ina ajin farko na lise, ɓangaren kimiyya. Wata biyu kafin abin ya faru, malaminmu na fizik ya zana mana tsani a allo: layi ɗaya a tsaye shi ne bango, ɗaya a kwance shi ne ƙasa, na uku a karkace ya haɗa su. Ya sa kibiya huɗu, kowace da harafinta. Ya ce mu ɗauka bangon santsi ne ƙwal, ba ya riƙe komai. Wani daga bayan aji ya ce, "Mushe, a wane gari ake irin wannan bango?" Aka yi dariya. Tambayar ita ce, wace kusurwa ce mafi ƙanƙanta da tsanin zai tsaya a kai bai zame ba. Na iya lissafin nan kamar ruwa. Da aka yi dabuwar na samu 17 bisa 20, takardar tana cikin akwatin Inna har yau. Malamin bai rage komai ba, ya koyar da darasin yadda ya kamata. Sai dai duk sa'o'in nan ban taɓa ganin tsanin Kawu a jikin allon ba. Abin da ke allo sunansa échelle, gidansa cikin kaye, tare da sinus da kosinus. Tsani kuwa yana jingine a zauren Kawu, na itacen dogon yaro, matakai takwas, an buga su da ƙusa an ƙara ɗaure su da waya.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kance ya san hidimar ƙarshen bazara. Kafin ruwan farko kowa na neman magini: a toshe tsagar soro, a sake yaɓen rawani, a gyara indararo don kada ruwa ya kwanta a kan azara. Abin da magini ya samu a waɗannan makonni da shi zai sayi iri da taki, da shi gidansa zai ci har sabon gero ya nuna. Ran Asabar da Lahadi nakan bi Kawu, ina kwaɓa ƙasa, ina miƙa masa bokiti, da yamma ya ba ni dala ɗari, wata rana jika guda.

Ranar Lahadi ce. Mai gidan yana safarar rake zuwa Damagaram, ya samu hali ya yi wa tsakar gidansa daɓen siminti, an goge shi sumul, ɗakunan kuwa na ƙasa ne. A gindin bangon da za mu yi aiki akwai dakali mai faɗi, shi ya hana a matso da tsanin kusa. Kawu ya jingina shi, ya girgiza shi, ya dubi ƙasa. A kan turɓaya ɗan rami yake haƙa wa kowace ƙafar tsani da bakin fartanya, a kan siminti kuwa ba hali. Ya ce, "Ya kwanta da yawa, kuma nan ba wurin haƙa. Ɗan lakwal, in na hau ka taka mini shi. Kar ka ɗaga sai na sauko."

Ya hau, na taka matakin ƙasa da ƙafa biyu, na kama gefe da gefe. Ya tsaya a mataki na huɗu yana cike wata tsaga. Minti goma, minti ashirin, tsani ko motsi. Sai salulata ta yi ƙara can ƙarshen dakali inda na ajiye ta. Na sauke ƙafa ɗaya, bai motsa ba. Na sauke ta biyu, na saki hannu, bai motsa ba. Na ce a raina, ashe ma tsaye yake da kansa. Taku uku ne tsakanina da wayar. Saƙon abokina ne a kan ƙwallon yamma. Ina cikin karantawa Kawu ya gama da tsagar, ya ƙara mataki biyu don ya kai rawani, bokiti a hannu. Na ji ƙara kamar an ja turmi a kan siminti. Ƙafar tsanin ta gudu baya, kansa ya goge bango yana sauka, Kawu ya faɗo a kan bakin dakali.

Hannun ya karye wuri biyu, ƙugu ya bugu. Mai ɗori ya yi aikinsa, amma sai da Kawu ya yi wata huɗu a kwance. Aikin bazara ya wuce shi, damina ma ta wuce shi. Maƙwabta sun yi masa gayyar noman farko, na biyu ba a samu yi ba. Ya sayar da awaki biyu, daga baya ya jinginar da ƴar gonarsa ta fadama, auren ɗiyarsa ta fari aka ɗaga shi shekara guda. Duk wanda ya zo gaisuwa maganar ɗaya ce: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mai gidan ya riƙa faɗa wa mutane cewa yaron nan yana riƙe, tsanin ne ya fi ƙarfinsa. Ina zaune a wurin nake jin haka, ban gyara masa ba. Kawu ma bai ce komai ba, ni kuma na ɗauka bai sani ba.

Bayan bak na bar kimiyya, na zo Yamai na shiga sashen ilimin harsuna. Na fi shekara a nan kafin in san ko wane ne mutumin da jami'armu ke ɗauke da sunansa. Abdou Moumouni Dioffo haifaffen Tasawa ne, a 1929, kuma masanin fizik ne, aikinsa a kan makamashin rana. A 1964 ya fitar da littafi a kan ilimi a Afirka, inda ya tsaya a kan cewa a koyar da yaranmu da harsunansu. Ya rasu a 1991, aka sa wa jami'ar sunansa a 1992. Wato mai fizik ne ya riga mu masu harshe wannan magana. Na ji daɗin sanin haka, amma a lokacin ban haɗa shi da kaina ba.

Bara aka ba mu aikin hutu: kowa ya zaɓi sana'a ɗaya a garinsu, ya tattaro kalmominta daga bakin masu yi. Na zaɓi gini don ya fi mini sauƙi, ga Kawu a kusa. Na zauna a zaurensa kwana uku ina ɗaukar murya: tubali, birji, makuba, azara, zanko, rawani, indararo, daɓe. Ran na uku idona ya kai kan tsanin nan da ke jingine, na ga in na tsallake shi zai lura. Na ce, "Kawu, tsani fa? Yaya ake sanin ya zauna?"

Ya ce, "Sai ya ciji ƙasa."

Na ce, "Ciji?"

Ya ce, "Awo. Ƙafarsa ta ciji ƙasa. Turɓaya mai laima tana ba shi cizo, tsakuwa ba ta ba shi, siminti mai ƙura kuwa maƙaryaci ne. In ya miƙe da yawa ya jefa ka baya, in ya kwanta da yawa cizon ba ya isarsa."

Na rubuta, na tashi na tafi gida, daren nan ban yi barci ba. A aji kalmar da muka koya ita ce frottement, daga frotter, wato goga. Ta Ingilishi ma daga kalmar Latin ta fito mai ma'anar gogawa, ta Larabci, ihtikak, ita ma haka. In aka ce mu fassara, da gudu za mu ce gogayya. To amma tsanin da ke tsaye mi yake goga? Ba abin da ke motsi. Yaron da aka ce masa gogayya zai zaci sai abu ya fara tafiya take aiki, alhali aikinta mafi girma tana yin sa ne lokacin da komai ke tsaye cik. Faransawan ma sun san da wannan giɓi, shi ya sa suke ƙara mata statique, injiniyoyinsu kuma su ce adhérence. Kalmar Kawu ba ta bukatar ƙari. Cizo riƙo ne da haƙori, yana da ƙarfi, yana kuma da inda yake ƙarewa. Mun karanta yadda F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai a 1960. A aji na biyu ana cizon abu, a aji na huɗu abu ya cije, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Ga kuma kishiyoyinsa a shirye: santsi, sulɓi, zamewa. Na jawo takarda na sake yin darasin nan na 17 bisa 20, wannan karo da bakin Kawu. Ga yadda ya fito.

Abu huɗu ke aiki a kan tsanin da ke jingine. Na farko nauyi, na tsanin da na wanda ke kansa, yana ja ƙasa kai tsaye. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo. Na biyu, ƙasa tana tokare ƙafar tsani zuwa sama, daidai da nauyin da aka ɗora mata. Waɗannan biyu sun biya juna. Na uku shi ne wanda ido ba ya kamawa: bango yana tura kan tsani waje. Wanda bai yarda ba ya dafa bango da tafin hannu biyu, ya ja ƙafafunsa baya. Zai ji bangon na mayar masa da turin a wuyan hannu, zai kuma ji takalminsa na neman guduwa. Turin bango a kwance yake tafiya, nauyi da tokarar ƙasa a tsaye suke, don haka ba ruwansu da shi. Abu ɗaya ne ya rage da zai tare shi, shi ne na huɗu, cizon da ke tsakanin ƙafar tsani da ƙasa. In cizo ya kai turin bango, tsani ya zauna. In turin ya ɗara shi ko da ƙiris, ƙafa ta tafi.

Cizo yana da hali biyu da ya kamata a sani. Na ɗaya, ba ya yin fiye da abin da aka nema, kuma ba ya faɗin saura nawa ya rage masa. Ka tura buhun gero da yatsa, bai motsa ba. Ka tura da hannu, bai motsa ba. A duk biyun ƙasa ta ba da cizo daidai da turinka, kai kuma ba ka san ko kana nesa da iyakar ba ko kana bakinta. Na biyu, da zarar an wuce iyakar abu ya fara tafiya, riƙon yakan ragu. Shi ya sa jan buhun da ya riga ya taso ya fi tayar da shi sauƙi, shi ya sa kuma tsanin da ya fara zamewa ba ya canza shawara a hanya. Iyakar kanta abu biyu ke yanke ta: irin fuskokin da suka haɗu, da nauyin da ke danne su.

Saura tambayar da ta fi damuna: don mi ya tsaya da Kawu a mataki na huɗu, ya ƙi tsayawa a na shida, alhali nauyin bai ƙaru ba? Ku tuna mutum biyu da suka ɗauko buhu rataye a jikin azara. In buhun ya matsa wajen ɗaya, shi ne zai ji a kafaɗa. Haka mai hawa yake. Yana ƙasa, jikinsa na kan ƙafar tsani, bango bai san da shi ba. Duk matakin da ya ƙara yana nisa da ƙafar yana kusantar bango, sai tsanin ya ƙara danna bango, bango ya ƙara turo shi, cizon da ake nema a ƙasa ya ƙaru. Iyakar cizo kuwa tana nan inda take, don nauyin da ke danne ƙafar bai sauya ba. Lissafin a baki shi ne: ka ɗauki rabin nauyin tsani, ka ƙara nauyin mai hawa gwargwadon inda ya kai, a tsakiya rabi, a ƙoli duka, ka ninka da nisan ƙafar tsani daga bango, ka raba da tsayin inda kansa ya taɓa bango. Abin da ya fito shi ne turin bango.

Na sa lambobi, da kilo kamar awon kasuwa, malamin fizik ya yi haƙuri. Mu ce tsani kilo 20, Kawu da bokitinsa 80, jimla 100. Saboda dakali, nisan ƙafar ya kai rabin tsayin. Mu ɗauka itace a kan siminti mai ƙura yana cizon 30 cikin kowane 100 da ke kansa. A mataki na huɗu, tsakiyar tsani, 10 a ƙara 40 ya zama 50, rabinsa 25. Bai kai 30 ba, tsani na tsaye, ni kuma na ce ashe ba ya bukatata. A mataki na biyar 10 da 50, rabinsa 30, an zo bakin iyaka. A na shida 10 da 60, rabinsa 35. Cizo ya ƙare. Da ina kan matakin ƙasa da kilo 55 ɗina, nauyin da ke danne ƙafar zai zama 155, iyakar cizo ta haura 46, abin da ake nema kuwa bai kai 39 ba. Da kuma babu dakali, an matso da ƙafar har nisanta ya zama kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin, a mataki na shida 17 da rabi kawai ake nema, a ƙoli 22 da rabi. Ko ba kowa a ƙasa zai zauna. Bangon ƙasa ba santsi ba ne kamar na allo, shi ma yana ɗan cizon kan tsani, yana rage wa ƙafa aiki. Amma wannan ɗan taimako bai sauya labarin ba. Na duba lissafin sau uku, ina fatan in samu kuskure.

Waɗanda suka fara auna wannan abu ba daga allo suka faro ba. Leonardo da Vinci ya zana gwaje-gwajensa a kai tun ƙarshen ƙarni na 15, sai dai bai buga su ba. A 1699 Guillaume Amontons ya gabatar wa majalisar masana kimiyya ta Paris cewa cizo yana ƙaruwa daidai da nauyi, kuma faɗin wurin da ya taɓa ƙasa ba ya sauya shi: bulo a kwance da bulo a kan gefensa ƙarfi ɗaya ke jan su. Charles Coulomb, wanda muka fi sani da darasin lantarki, injiniyan soja ne da ya yi shekaru yana gina ganuwar yaƙi a tsibirin Martinik. A ma'aikatar jiragen ruwa ta Rochefort ya riƙa jan katako a kan katako, ƙarfe a kan katako, yana aunawa, har aikin ya ci kyautar majalisar a 1781. Shi ya yi dogon awo a kan bambancin cizon abin da ke tsaye da gogar abin da ke tafiya. Wato cikin masu gini da masu sassaƙa aka haifi darasin, sannan aka ɗauke shi aka kai aji.

Washegari na koma zaure ban kunna komai ba. Na tarar yana tufkar igiya da hannu ɗaya da yatsun ƙafa. Na gaishe shi, na zauna ƙasa. Na ce, "Kawu, akwai maganar da nake son in faɗa maka, ba ta makaranta ba ce."

Ya ce, "Ina ji."

Na ce, "Ranar nan ba tsanin ne ya fi ƙarfina ba. Sauka na yi. Waya na tafi ɗauka."

Bai daina tufka ba. Ya ce, "Na sani. Ina faɗowa na gan ka can ƙarshen dakali, waya a hannu. Ido ba ya rufewa sai an kai ƙasa."

Na rasa inda zan sa kaina. Na ce, "To mi ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya ce, "In faɗa wa wa? Uwarka ƙanwata ce. In an doke ka hannun zai miƙe? Kuma ni ma ina da nawa. Na ga ya kwanta. Da na sa an cika buhu da yashi an tare ƙafar, ko na ɗaure ta da turmi. Amma ina sauri, gida biyu na jirana. Sai na ba yaro aikin buhun yashi." Ya ɗan yi shiru, ya ce, "Buhun yashi dai ba ya da waya."

Ya yi dariya, ni kuwa kuka ya zo mini, ya bar ni har na gama. Na roƙe shi gafara, ya ce ya yafe tun yana kwance, jira kawai yake ya ga ranar da zan iya faɗa da bakina. Sannan na fito da takardar na karanta masa lissafin, da Hausa, mataki mataki. Da na zo kan na biyar ya ɗaga hannu ya ce, "Nan ne. Da ka wuce tsakiya yake fara magana. Tsani ba ya cin mutum a ƙasa, sai ya bari ka yi nisa." Ya ce in rubuta shi, amma in rubuta yadda yaran da ke bin sa za su gane.

Ba zan ɗora wa Faransanci laifina ba. Ba shi ya sauke mini ƙafa ba, kuma Kawu ya faɗa mini da Hausa tsantsa cewa kar in ɗaga sai ya sauko. Amma umurni aka ba ni, dalilin kuwa yana cikin kayena, a wani harshe, ni kuma ban san abu ɗaya ba ne. Da na san tsanin da ya tsaya da mutum a mataki na huɗu bai yi alkawarin komai a kan na shida ba, da wuya in gwada shi da sauke ƙafa. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, a 2025 kuma an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ko ba jima ko ba daɗe za a zo kan kalmomin kimiyya, kuma irinmu za a kira. Roƙona shi ne, kafin mu buɗe ƙamus mu juya frottement ya zama gogayya, mu je zauren magini, da maƙera, da wurin masu haƙar rijiya, mu ji da wace kalma suke tsare ransu. Abokanmu masu Zabarmanci da Barbarci da Fillanci da Tamajak su ma suna da nasu kawunnan da za su tambaya.

Kafin nan, ga abin da zai yi amfani ko gobe, tunda dukanmu muna hawa, ko ɗora faifan sola, ko gyara eriya, ko toshe yoyo. Nisan ƙafar tsani daga bango ya zama ɗaya cikin huɗu na tsayin da kansa ya kai: in mita 4 ne, mita 1, kusurwar ke nan wajen digiri 75. In ba abin awo, ka tsaya yatsun ƙafarka na taɓa gindin tsani, ka miƙa hannuwa gaba sosai. In tafinka ya sauka a kan matakin da ke daidai kafaɗarka, ya yi. A share ƙura da yashi da ruwa kafin a kafa shi a kan siminti ko karo. A turɓaya a haƙa masa rami, a siminti a tare shi da buhun yashi ko a ɗaure shi. In soro za a hau, kansa ya ɗara bakin soron da kamar mita guda, don a samu abin kamawa. Wanda aka ba riƙo kuma ya sani, lokacin da ya ga kamar ba a bukatarsa, mai hawa bai gama hawa ba ne.

Gonar fadama har yanzu tana hannun jingina. Ni da Kawu mun yi magana a kanta, duk sanda bursi ta fito ina ware wani abu, ya ce kar in matsa wa kaina, na ce to, ban fasa ba. Tsanin yana nan a zaure, an sake masa matakai biyu. A hutun da ya wuce na bi su aiki wani gida a hanyar Kance, ƙaramin yaronsa ya hau gyaran indararo, Kawu na ƙasa da sandarsa. Ya dube ni ya ce, "Ɗan lakwal, taka masa." Na taka. Wayar na bar ta gida wurin Inna.